Shekarun Jinyata da Finafinan Japan

Ni mai sikila ce. Tun ban fara rarrafe ba hannuwana da ƙafafuna suka kumbura, na kwana ina tsala kuka, aka kai ni asibiti, gwaji ya nuna SS. Umma da Baba auren zumunci suka yi, ɗan wa da 'yar ƙani, a zamanin da babu mai kawo zancen gwajin jini kafin aure. Dukansu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jininsu amma su ba su da ciwon. Likitoci suna cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mu biyar Umma ta haifa, biyu muka ɗauko ciwon, ni da yayana da nake bi. Shi Allah ya karɓi abinsa yana aji uku a firamare.

Na tashi da dokokin da duk mai sikila ya sani. Ba wasa a ruwan sama, ba wanka da ruwan sanyi, hunturu na kamawa rigar sanyi biyu da safa, gorar ruwa a hannu duk inda zan je, ƙwayar folik asid da Paludrine kowace safiya. Idan ciwon ya tashi kuwa, ji nake kamar an zuba ƙasusuwana a turmi ana kirɓawa. Wanda bai taɓa ji ba, ba zai gane ba, kuma ba na fatan kowa ya gane. Abin da ya fi ciwon zama a raina shi ne maganar mutane. Ina 'yar ƙarama na ji wata gwaggona tana ce wa maƙwabciyarmu a tsakar gida, "Ai irinsu ba sa wuce ashirin, sai dai a yi ta haƙuri." Ta ɗauka barci nake. Daga ranar na fara lissafin shekaruna ta baya, saura kaza, saura kaza.

Na wuce ashirin ɗin ina jami'a, har na fara ganin na tsallake siraɗi. A shekarar 2019 ƙugun hagu ya fara yi mini ciwo irin wanda ban saba da shi ba, wanda ba ya tafiya ko an yi allura an ƙara ruwa. Da aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya ce jini ya daina isa kan ƙashin cinya inda yake shiga cikin ƙugu, ƙashin ya fara mutuwa yana lotsewa. Ya ce abu ne da ke yawan samun masu sikila idan sun girma. Aka ba ni sanduna biyu, aka ce kada na ɗora nauyi a ƙafar.

A lokacin akwai wanda muka daidaita da shi tun ina ajin farko. Ya san da ciwona tun ranar da muka fara magana, kuma ya nuna mini takardar wani tsohon gwaji da ta ce shi AA ne. Manyansa sun zo, an kawo kuɗin gaisuwa, ana maganar sa rana. Baba ne ya ce a sake gwajin a wuri biyu daban, don shi ya san abin da ya binne. Duka biyun suka fito AS. Mai SS idan ta auri AS, rabi da rabi ne a kowane ciki. Baba ya kira ni ɗakinsa bayan isha'i, ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce, "Uwata, ba zan ɗaura wannan auren ba. Ki yi haƙuri." Na ce, "To, Baba." Wallahi da ni aka tambaya ma abin da zan ce ke nan, domin ba zan so ɗana ya ji abin da nake ji ba. Amma yarda da hukunci daban, ɗaukarsa daban. Aka mayar musu da kayansu, aka rabu cikin mutunci. Yau a Kano gwajin kafin aure doka ce tun 2024, kuma na yi murna da ita, ko da yake na san takarda ma tana iya yin ƙarya idan wurin gwajin ba na kirki ba ne.

Daga nan na shige ɗaki. Ban yi kuka ba, abin da ya fi tayar wa Umma hankali ke nan. Ina cin abin da aka kawo, ina shan magani, ina amsa gaisuwa, amma ba na ƙara ko kalma ɗaya a kai. Sai ga korona a 2020, aka kulle gari, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da ya ɗauki tun daga Maris har Disamba. Kowa ya dawo gida ya zauna, don haka zamana a ɗaki bai zama abin magana a dangi ba. Ni kaɗai na san cewa nawa kullen ya riga na gwamnati, kuma ba shi da ranar ɗagewa.

'Yar ƙanwar Umma ce ta kawo mini memori cike da finafinai daga wurin masu turi. Na Koriya take so, shi ta ce a tura mata, sai mai shagon ya haɗa mata da wasu na Japan, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ta ce, "Yaya, waɗannan kada ki ɓata lokacinki, ba su iya gayu ba, ga sanyin jiki, sai a yi minti biyar ana cin abinci." Sanyin jikin nan shi ya riƙe ni. Na taso da littattafan soyayya na Hausa da finafinan Indiya masu fassara, inda komai da ƙarfi ake yinsa, so da ƙarfi, kishi da ƙarfi, kuka da kiɗa. A wannan lokacin kunnena ba ya iya ɗaukar hayaniya. Na Japan kuwa gajeru ne, yawanci kashi goma ko sha ɗaya labari ya ƙare. Mutane suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna rusunawa, suna haɗiye magana. Saurayi da budurwa za su kusa ƙarshen labari ba wanda ya furta wa wani komai, suna kiran juna da sunan dangi, ranar da ya kira ta da sunanta na yanka sai ta rasa inda za ta sa fuskarta. Wannan kunyar na san ta. A gidan da har yau Umma ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba na girma.

A cikinsu akwai wanda ya canza mini zama. Sunansa da Japananci Ichi Rittoru no Namida, wato hawaye lita ɗaya, gidan talabijin na Fuji ya nuna shi a 2005. An ɗauko shi daga littafin da wata yarinya mai suna Kito Aya ta riƙa rubuta abin da ke faruwa da ita kullum. Tana 'yar shekara 15 aka gano tana da ciwon da ke cinye sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa motsin jiki. Hankalin mutum yana nan garau, amma tafiya ta gagare shi, sannan rubutu, sannan magana, sannan haɗiya. An buga littafin a 1986, ita kuma ta rasu a 1988 tana da shekara 25.

A fim ɗin gidansu awara suke yi suna sayarwa. Da na ga uban ya tashi da asuba yana tace waken suya, 'ya'ya suna taya shi suna ƙunƙuni, sai da na yi murmushi, don a layinmu ma akwai gida biyu da wannan ce sana'arsu. Daga nan murmushi ya ƙare. Yarinyar ta fara faɗuwa a hanya, kuma idan za ta faɗi hannunta ba ya kai wa ƙasa ya tare ta, sai haɓarta ta fashe. Uwar ta san sunan ciwon tun kafin ita ta sani, tana ɓoyewa tana yi mata fara'ar dole. Na san wannan fara'ar, da ita aka raine ni.

Wurare uku ne ban iya wucewa ba sai da na tsayar da wayar. Na farko, inda 'yan ajinsu suka zauna ba ta nan suna tattauna cewa taimaka mata ya fara yi musu nauyi, tana sa su makara, ita kuma ta dawo ɗaukar wani abu ta tsaya a bakin ƙofa ta ji komai. Ba miyagu ba ne, gajiya suka yi, kuma fim ɗin bai mai da su miyagu ba. Ni ma ƙawayena na ɗakin kwanan ɗalibai sun sha ɗaukata cikin dare su nemi mai adaidaita, washegari ga jarrabawa, kuma na sha ganin gajiyar a fuskokinsu suna ƙoƙarin ɓoye ta. Na biyu, inda ƙaninta ya ji kunyar abokansa su ga yadda take tafiya, har ya so kada ta zo kallon ƙwallonsa. Autanmu ya taɓa ce mini in daina tsayawa a ƙofar gida da sanduna idan abokansa suna nan. Yaro ne, ya manta ma ya faɗa. Na uku, inda ta tambaya ko za ta iya yin aure, aka rasa mai ba ta amsa.

A nan kukan da ban yi ba tun daren da Baba ya kira ni ya zo. Na cusa fuskata a filo don kada a ji, amma Umma ta ji. Ta shigo ba ta tambaye ni komai ba, ta zauna a bakin katifa tana shafa bayana har aka kira assalatu. Daga baya ta gaya mini cewa a ranar ta yi sujadar godiya.

Akwai wani yaro a labarin, ɗan ajinsu, ɗan likita, mai shiru-shiru. Shi ne ya tsaya mata lokacin da wanda take so ya zame jiki da ya ji sunan ciwon. Yana tura kekenta, yana jiran maganarta ko da za ta ɗauki minti guda kafin kalma ta fito. Ba zan ɓoye ba, na so yaron nan so na gaske. Ina kwana da shi a raina, ina auna duk namijin da na sani da shi, kowa kuma ya gaza, har wanda muka rabu, wanda bai yi laifin komai ba.

Neman wanda zan yi hirar fim ɗin da shi ne ya kai ni wani zaure a Telegram na masoya finafinan Japan. Yawancinsu mata ne daga Indunusiya da Filifin da Masar da Birazil, 'yan Najeriya ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. A can wata ta rubuta, ba tare da ta san abin da take rushewa ba, cewa ai wannan yaron babu shi a rayuwar Aya ta gaskiya, masu fim ne suka ƙirƙire shi. Na bincika, haka ne. A ƙarshen kowane kashi ana nuna hotunan Aya ta gaske, a kan keken guragu, a gadon asibiti, tare da mahaifiyarta da ƙannenta. Na koma na kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Babu wani saurayi a cikinsu.

Haushi na fara ji, irin na wanda aka yi wa wayo. Na yi kwanaki ban buɗe komai ba. Amma tunanin ya ƙi barina, kuma a hankali ya juya. Ita yarinyar da ta rayu da ciwon shekara goma, su wa ta samu? Uwa, da uba, da ƙanne, da likitarta, da alƙalamin da ta riƙe har hannu ya daina riƙewa. Sai na fara kallon ɗakinmu da wani ido. Wa ke dafa ruwa da tsakar dare yana gasa mini ƙafa da tawul? Wa ke kawo fo ya fitar ya wanke, ranar da ba na iya taka ƙasa? Wa ya san adadin jinin jikina a gwajin da ya wuce ba sai ya duba kati ba? Ina kwance ina begen wanda marubuci ya ƙaga, matar da take yin duk abin da ya yi har da ninki tana kwance a tabarma kusa da ni, ni kuwa rabona da yi mata hira tun kafin azumi.

Bayan wannan na kalli irin waɗannan labaran da yawa, don Japanawa suna son su ƙwarai. Yarinya mai sankarar jini, yarinya mai ciwon zuciya, yarinya a keken guragu. Da na ga da dama sai na fara ganin ɗinkin. Kusan kullum yarinyar kyakkyawa ce har ranar ƙarshe, ba ta wari, ba ta masifa, ba ta zagin ma'aikaciyar jinya. Tana mutuwa a daidai lokacin da ya dace, saurayin kuma ya zama mutumin kirki saboda ita. Wato ciwonta makarantarsa ce. Ni kuma na san yadda jinya take. Na san ranar da zafi ya sa na yi wa Umma tsawa a gaban mutane. Na san yadda ake kallon mai sikila idan ta nemi a ƙara mata allurar kashe zafi, a ce ta saba ne, jaraba ce. Kuma ciwona ba irin mai ƙarewa a kashi na sha ɗaya ba ne, da shi zan yi ta zama iya kwanan da Allah ya ɗiba mini.

Wani abin da na lura, a duk labaran nan ba a taɓa zama ana lissafin kuɗin asibiti. Na ɗauka kawaici ne irin na masu fim, sai da na karanta na ga cewa tun 1961 kowa a Japan yana ƙarƙashin inshorar lafiya, mai shekarun aiki kashi 30 cikin ɗari yake biya, cututtuka masu wuyar magani irin na Aya kuma gwamnati tana ƙara rage musu nauyi. Mu a shekarar nan Baba ya sayar da filin da ya ajiye don ginin 'yan'uwana maza. Da labarina za a mai da fim, rabinsa a gaban teburin biyan kuɗi za a ɗauka. Sikila kuwa da ƙyar ake samunta a can, alhali a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Don haka ban taɓa ganin kaina sak a allonsu ba, makusanciyata kawai nake gani.

Zauren nan kuwa ya yi mini rana, ba zan raina shi ba. Ciwo ya fi tashi da dare, lokacin da gida ya yi tsit. Ƙarfe uku na dare a Kano ƙarfe tara na safe ne a Jakarta, saboda haka ko yaushe na buɗe waya akwai mai ido biyu. A cikinsu akwai masu fassara finafinan kyauta, su zauna su bi magana layi-layi su sa rubutu a ƙasa, ba don ko sisi ba, sai don wani da ba su taɓa gani ba ya fahimta. Abin da ya fi yi mini daɗi, a can babu wanda ya san ni da sikila. Ba mai ce mini sannu, ba mai tambayar ya jiki. Idan na faɗi ra'ayi aka ga bai yi ba, musu ake yi da ni sosai. Ban san na yi kewar a yi musu da ni ba sai a lokacin.

Amma na ga inda son yake wuce gona da iri. Wasu suna ji kamar sun sayi 'yan wasan da kuɗinsu. A can na ji labarin wata mawaƙiya ta ƙungiyar mawaƙa mata ta Japan mai suna AKB48 da ta aske kanta ƙwal a 2013, ta fito tana kuka tana neman gafara, laifinta kawai an gan ta ta fito daga gidan saurayi, alhali an hana su soyayya don kada ran masoya ya ɓaci. Ga kuma Kimura Hana, 'yar kokawa mai shekara 22, wadda masu kallon wani shiri suka yi wa rubdugu da zagi a intanet har ta rasa ranta a watan Mayun 2020. Sai bayan haka aka tsananta hukuncin cin mutunci a dokar ƙasar a 2022. Mutanen da nake yabon kunyarsu a fim, a bayan waya ba su bambanta da mu ba.

A watan Mayun 2021 wasu 'yan wasa biyu, Aragaki Yui da Hoshino Gen, suka sanar za su yi aure. Sun taɓa fitowa a matsayin mata da miji a wani shiri na 2016 da kowa a zauren ya haddace. Zauren ya kama da wuta. Ana ta tura hotuna, wata daga Masar ta turo guɗa a murya, ni ma na ce to mu 'yan Kano za mu fitar da anko. A makon nan ne na ga katin ɗaurin auren wanda muka rabu a shafin ƙanwarsa. Na kwana ina taya baƙi biyu a Tokiyo murna, waɗanda ba su san akwai ni a duniya ba, kuma na san sarai abin da nake gudu. Ban ga laifin kaina ba, har yau ban gani ba. Daren ne nake neman yadda zan ƙetare, na kuma ƙetare shi. Da gari ya waye na tura masa saƙon Allah ya sanya alheri, ya amsa da amin, shi ke nan.

Da safen ne kuma na gaya wa mutum ɗaya a zauren gaskiyar halin da nake ciki, wata 'yar Indunusiya da muka fi shaƙuwa. Ashe ita ma tana fama da nata ciwon na dindindin, shi ya sa kullum take kan waya. Ita ce ta ce in nemi Oshin in kalla tare da mahaifiyata, don ita da tata uwar suka kalla, uwar kuma ta fara ganinsa tun a shekarun 1980 a talabijin ɗin ƙasarsu. Shiri ne na safe da gidan NHK ya nuna daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowane minti 15. An nuna shi a ƙasashe sama da sittin, a Iran da Masar har yau ana tuna shi. Labarin wata 'yar manoma ce a yankin Yamagata a farkon ƙarnin da ya wuce, masu noma gonar wani su ba shi mafi yawan amfanin.

Umma ba ta karanta Turanci, don haka ni ce mai fassara. Bayan isha'i sai ta jingina wayar da kwanon sha, ta miƙe ƙafa, ina karantawa ina mayar mata da Hausa. Nan da nan ta shige labarin fiye da ni. Tana yi wa uban faɗa, tana tsaki, tana cewa, "Oh ni, ashe talauci ko'ina kamarsa ɗaya." Da ta ga suna ƙara wa 'yar shinkafarsu yankakken tushen ganye don ta auku, ta ce haka kakata take yi da rama a dambu a shekarar fari. Da aka zo inda uwar ta shiga kogi mai ƙanƙara don cikin da ke jikinta ya zube, saboda babu abin ciyar da wani bakin, Umma ta yi salati ta ce in tsayar, ta fita tsakar gida ta daɗe.

Sai kashin da aka ba da Oshin aikatau tana 'yar shekara bakwai a bakin buhun shinkafa. Aka ɗora ta a kan gungumen itatuwa da aka ɗaure ana gangarawa da su a kogi, uwar tana kira daga gaɓa. Uban, wanda tun farko ya nuna ko a jikinsa, sai ga shi can gaba shi kaɗai yana bin bakin ruwa da gudu yana kuka. Umma ta yi shiru. Can ta ce ita ma tana kamar wannan shekarun aka ba da ita riƙo wani gari, aka ɗora ta a bayan motar kaya, mahaifinta ko leƙowa bai yi ba, kuma ta girma tana ganin bai damu ba. Ta ce, "Wa ya sani ko shi ma ta bayan gida ya zaga." Ban taɓa jin wannan labarin ba, ni da na ɗauka na san komai nata.

Daga nan ta juyo ta kalle ni ta ce, "Ki yafe mana, ni da babanku. Ba mu sani ba." Na ce, "Haba Umma, me kuka yi?" Ta ce, "A'a, bar ni in faɗa. Tun ranar da aka fita da yayanki nake son in faɗa." Ashe duk shekarun nan kowace allura da aka yi mini ita take ɗora wa kanta. Ni ina ganin na zame mata kaya, ita tana ganin ita ta jawo mini. Na ce na yafe duniya da lahira, ko da yake ban ga abin yafewa ba, don na gane ba hujja take nema ba, kalmar take son ji. Muka yi kukanmu, sannan ta goge fuska da gefen zani ta ce, "To kunna mu ga inda za su kai yarinyar nan."

Da aka koma makaranta na koma da sanda ɗaya. Yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ƙara ja mana lokaci, amma na gama. Likita ya ɗora ni a kan wani magani mai suna haidiroksiyuriya, tashin ciwon ya ragu sosai, ya kuma ja mini kunne a kan raba dare ina kallo, ya ce rashin barci ma yana tayar da shi. Aikin canza ƙugu har yanzu muna tara kuɗinsa. Ina koyarwa a wata firamare kusa da gida, ina kuma rubuta abin da ya same ni kullum a littafin makaranta mai layi, da Hausa, har da ranakun da babu abin rubutawa sai yawan ruwan da na sha. Wannan ɗabi'ar a wurin Aya na ɗauko.

Ranar asibitinmu wata uwa ta ji ina ba da labarin fim ɗin Aya, ta ce in tura wa 'yarta mai shekara goma sha huɗu. Na ƙi. Yarinyar da ake raɗa a kanta cewa ba za ta daɗe ba, ba ta buƙatar ƙarin labarin wadda ta mutu, komai kyansa. Na tura mata na barkwanci, na kuma ba ta lambata.

Bara wani ya fito, malami ne a makarantar da ke kusa da tamu. An yi gwaji a wuri biyu, AA ne. Ya fara da irin kalaman da ake farawa da su, cewa zai kula da ni, ciwona ciwonsa ne. Na ce ya ajiye wannan tukuna, ya zo ya raka ni asibiti. Ya zo tare da ƙanina. Ya zauna a benci tun sanyin safiya har azahar, ya ga yara masu idanu ruwan ɗorawa, ya ga wani saurayi yana birgima a ƙasa yana kiran uwarsa, ya ga takardar kuɗin maganin wata guda. A hanyar dawowa bai ce uffan ba, kuma ya ɗauke ƙafa har na cire rai. Sai ga shi ya dawo da tambayoyi a rubuce a bayan takardar jarrabawar ɗalibansa: ko dole ne a daina maganin kafin ɗaukar ciki, wa zai ba da jini idan buƙata ta taso, nawa aikin ƙugun zai ci, kuma me zai gaya wa mahaifiyarsa, wadda har yanzu ba ta amince ba. Wasu na amsa masa, wasu na ce sai mun koma wurin likita tare. Maganar mahaifiyarsa kuwa na ce wannan tsakaninsu ne, ba zan shiga gidan da sai an roƙa mini wuri ba. Baba ya ba shi zuwa bayan babbar salla.